Abin da ya sa kuɗin wuta ke tashi tun sanyi bai iso ba

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa a Amurka farashin lantarki ke hawa da zarar masu hasashen yanayi sun ce muku-mukun sanyi na tafe. Ai wuta ba hatsi ba ce da za a tara a rumbu. Kamfanoni kan saye ta tun kafin ranar amfani, to da sun ji hasashe, sai kowa ya garzaya neman wuta da gas ɗin da ake samar da ita da shi a lokaci guda, farashi ya ɗaga.

Dubi jihar Texas a Fabrairun 2021. Rijiyoyin gas da bututu suka daskare, tashoshin samar da wuta suka tsaya, daidai lokacin da kowane gida ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Farashin sari na megawat ɗaya na awa guda (ma'aunin lantarki ke nan) ya kai dala 9,000. Gidaje sama da miliyan 4 suka shiga duhu, wasu har kujerunsu suka ƙona don jin ɗumi. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu.

Abin da ya fi ci mini rai, hasashen ya zo da wuri. Tashoshin ne ba a shirya su wa sanyi ba, ga layin wutar Texas bai haɗu sosai da na maƙwabta ba, balle a kawo musu ɗauki.