Tambayi Likita: ruwan zafi, ƙanƙara da gyaran jikin amare

Saƙonnin wannan makon kamar an haɗa baki, kusan duka kan zafi ne da sanyi. Na tsamo shida, na taƙaita su, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Likita, na yi targaɗe a idon sawu wajen ƙwallo. Mai horar da mu ya ce in sa ƙanƙara, Inna ta ce a gasa da ruwan zafi. Maganar wa zan bi? (Wani matashi, Tawa)

Ƙanena, kowannensu da gaskiyarsa, lokaci ne ya raba su. Kwana biyun farko na mai horarwa ne. In aka yi targaɗe, ƙananan hanyoyin jini ne ke fashewa daga ciki, jini da ruwa su taru, shi ne kumburin da kake gani. Sanyi yana tsuke hanyoyin, ya kuma rage zogi. Zafi kuwa buɗe su yake yi, sai ka wayi gari ƙafa ta ƙi shiga takalmi.

Ƙanƙarar leda da ake sayarwa a unguwa ta ishe ka. Farfasa ta, ka naɗe cikin tsumma mai laima, ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗauke, bayan awa biyu ko uku ka sake. Kada ta taɓa fata tsirara, don sanyi ma yana ƙuna. In za ka kwanta, ka ɗaga ƙafar bisa matashi. Daga kwana na uku, in kumburi ya fara sacewa, sai a ba Inna fili ta yi gashinta da ruwan ɗumi. Amma in ba ka iya taka ƙafar ko taku huɗu, ko kuma ƙashin kansa ke ciwo in an danna, a yi hoto tukuna kafin a je wurin mai ɗori. Masu sikila su, ba ruwansu da ƙanƙara ko kaɗan, sanyi na tayar musu da ciwo.

Na haihu sati biyu ke nan. Uwar mijina tana yi mini wankan jego safe da yamma da ruwa tafasasshe, ga kunun kanwa kullum. Ina fitowa sai jiri. Ina jin nauyin yi mata magana. (Wata mai jego, Bukoki, Yamai)

Barka da arziki, ƴar'uwa, Allah ya raya. Ba na cikin masu cewa a watsar da wankan jego. Mace ta samu kwana arba'in ana kula da ita, ana ciyar da ita, ba ta daka ba ta ɗaukar ruwa, wannan gata ne babba. Ruwan ɗumi kuma yana sassauta ciwon baya da na mara, yana tsabtace jiki, yana kawo barci. Rigimata da yawan zafin ne kawai.

Ruwan da ya kai digiri 60 yana iya sale fata cikin ƴan daƙiƙu. Wanda ake saukewa daga murhu yana tururi, a tsoma ganye a fyaɗa a jiki, ya wuce haka nesa. Ruwan wanka bai kamata ya zarce digiri 40 ba. Tun da ba kowa ke da ma'auni ba, ki tsoma gwiwar hannunki: in ba ki iya barinta ciki hankali kwance, a sirka. Jirin nan kuwa ga dalilinsa: zafi yana buɗe hanyoyin jinin fata, jini ya ragu a kai, ga shi kin zubar da jini wajen haihuwa, ga gumin Yamai.

Kanwa ta fi damuna. Danginsu ɗaya da gishiri, tana riƙe ruwa a jiki, tana hau da jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka zargi wankan zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Daga baya binciken da aka yi a nan Yamai ya nuna masu wannan ciwo suna da ƙarancin sinadarin seleniyom a jini, wato ba wanka kaɗai ba ne sanadi. Duk da haka, zuciyar da ta yi wata tara tana aikin mutum biyu ba ta buƙatar ƙarin kaya. Ki sha kunun gero ko na gyaɗa, kanwa a bar ta.

In kika ji haki, ko ba ki iya kwanciya sai kin jingina, ko ƙafafu sun kumbura, ko tarin dare, kada ki jira arba'in, ki tafi asibiti ranar. Game da Hajiya kuwa, kada ki ja da ita. Ki roƙe ta ta raka ki awo, ungozoma ta faɗa mata da bakinta. Maganar da ba a karɓa daga suruka ana karɓarta daga mai farar riga.

Bikin ƴata saura wata guda. Mai gyaran jiki ta ce dilka kullum, da halawa, da turaren tsuguno, da wani haɗin mai da zai fito mata da haske. Akwai illa? (Uwar amarya, Yantala)

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Uku daga ciki na yarda da su bisa sharaɗi, na huɗun ban yarda ba.

Dilka aikinta murje matacciyar fatar sama, shi ya sa jiki ke laushi da sheƙi. Sai dai fata tana ɗaukar kusan sati huɗu kafin ta sabunta kanta, in ana dirzar ta kullum sai a kai ga ɗanya, ta yi ja, ta yi raɗaɗi. Kuma fatarmu ta baƙar mace duk inda ta fusata tabo baƙi take bari. Sau ɗaya ko biyu a sati ya wadatar, da hannu mai sauƙi, fuska kuma a yi mata a hankali. Halawa sukari ne da lemun tsami, ba laifi, amma a gwada zafinta a bayan hannu, a kauce wa inda ke da ƙuraje, kuma a yi ta kwana huɗu ko biyar kafin biki don jan ya kwanta. Turaren tsuguno garwashi ne a ƙarƙashin mutum: kasko ya yi nisa da jiki, taga a buɗe, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana sumar da mutum har ya kashe. Mai asma ta haƙura da shi.

Haɗin nan fa, wanda ake zubowa a roba ba suna ba takarda. Abin da ke sa fata fari cikin sati biyu yawanci ɗayan uku ne: haidirokinon, ko makuri, ko maganin kumburi mai ƙarfi irin kilobetasol, wanda likitan fata ke rubutawa na ɗan lokaci. Da farko amarya za ta yi jawur, kowa na yabawa. Bayan ƴan watanni fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a damtse da cinya, ƙuraje da ƙyasbi su mamaye, gaɓoɓin yatsu su ƙi bin sauran jiki, kumatu su yi baƙi kamar an ƙona. Kilobetasol yana ratsa fata ya shiga jini, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Makuri yana lalata ƙoda, kuma yana isa ga ɗan da ke ciki, ga shi amarya muke magana. Irin wannan fata ko ɗinki ba ta riƙewa da kyau ranar da aka zo tiyata. Ba banza ba Kodibuwa ta haramta waɗannan mayuka a 2015.

Ki ba ta man kaɗe mai kyau, ta shafa da ta fito wanka jiki da sauran laima, ta rage yawo cikin rana, ta samu barci. Lalle kuma ja na gargajiya ya fi aminci. Baƙin nan mai kamawa nan take sau da yawa rinin gashi ne a ciki, yana iya tayar da bororo daidai bisa zanen.

Na shiga sauna a wani otal da na yi tafiya, na ji daɗinta. An ce tana gyara zuciya. Ina da hawan jini. (Wani Alhaji, Yamai)

Alhaji, mu da watan Afrilu ke gasa mu a digiri 40 da ɗoriya, har sai ka biya kuɗi? To, maganar tana da tushe. Sauna al'adar mutanen Finlan ce, ɗakin katako mai zafin digiri 80 zuwa 100. A 2015 an fitar da sakamakon wani bincike da ya bi maza fiye da 2,000 a gabashin ƙasar har kusan shekara 20, aka ga masu shiga sau huɗu zuwa bakwai a sati ba su cika mutuwar fuju'a ta zuciya kamar masu shiga sau ɗaya ba. Sai dai lura aka yi, ba a tabbatar saunar ce kaɗai dalili ba, kuma mutane ne da suka saba da ita tun suna yara a ƙasar sanyi.

In jininka ya daidaita da magani, kana iya shiga minti 10 zuwa 15, ka sha ruwa, ka tashi sannu a hankali. Kada ka fito ka faɗa ruwan sanyi kamar yadda suke yi, wannan yana harba jini sama nan take. Mai ciwon ƙirji, da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, da mai azumi, su bari. Kilon da ka ga ya ragu gumi ne, da ka sha ruwa zai dawo. Ƙwayoyin maganinka na hawan jini kuma suna nan daram.

Babana yana da ciwon suga. Da sanyi ya shigo yakan tsoma ƙafafunsa cikin ruwan zafi, yana cewa ba ya jin zafin. (Wani ɗa, Tawa)

Rashin jin nan shi ne hatsarin. Suga in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, sai mutum ya ƙone bai sani ba, ƙunar ta zama gyambon da ke ƙin warkewa, wani lokaci har a kai ga yankewa. A daina jiƙon. A sa wa Baba safa mai kauri, a nisanta ƙafarsa da kaskon wuta, kai kuma ka riƙa duba tafin da tsakanin yatsu kowace yamma. In an ƙone, ruwan famfo mai sanyi za a yi ta zubawa minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki ko ƙwai, sannan a kai shi asibiti ko da wurin ƙarami ne.

Ɗana mai shekara uku yana zazzaɓi da mura. Maƙwabciya ta ce in yi masa sirace da ganyen dogon yaro. (Wata uwa, Talaje)

A'a, ƴar'uwa. Babba in ya yi sirace yakan ji hancinsa ya ɗan buɗe, iyakarta ke nan, ba ya kashe ƙwayar mura, balle ta maleriya. Yaro kuwa da an lulluɓe shi zai yi ta zillo, tukunya ta kife masa a cinya. Ki rage masa tufa, ki ba shi ruwa akai-akai, da farasitamol daidai nauyinsa. In za ki goge masa jiki, da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai ƙanƙara ba, don rawar ɗari ƙara zafin ciki take yi. Kuma yau ɗin nan ki kai shi a ɗiga jininsa a gwada maleriya. In ya fara jijjiga, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko kin kasa tashe shi daga barci, ko tsakar dare ne a fita da shi.