Gashin gefen goshina yana ta ja baya, wane mai zan shafa?

Tambaya: Anti barka da ƙoƙari. Ni ba mai son gyaran kai mai wahala bace, kullum fakin nake yi, in ja gashin sama in ɗaure da ribom ko roba in shafa jel a gefe ya kwanta luf, in kuma zan yi kitso ƙanana nake so saboda ya daɗe. To kusan wata 6 kenan na lura gashin gefen goshina ta wajen kunne ya ragu har ana ganin fata. Na canza mai ya kai kala 3 babu wani canji. Dan Allah wane mai zan nema, kuma wane gyara mai sauƙi zan riƙa yi?

Amsa: Ƙanwata sannu, na san yadda abin nan yake damun mace in ta duba madubi. Amma bari in gaya miki gaskiya tun farko kar ki ci gaba da kashe kuɗi, matsalarki ba ta mai bace, ja ne. Wurin da kika ce gashin ya tafi, gefe da gefe sama da kunne da layin goshi, shi ne daidai inda nauyin fakin yake sauka, kuma dama can gashin wurin ya fi na ko'ina siriri da rauni. Likitocin fata suna kiran wannan tirakshan alofeshiya, wato zubewar gashi saboda yawan jan sa, kuma ba sai mai kitso kaɗai yake kamawa ba, har 'yan rawar bale, wata rawar Turawa, da suke tamke gashinsu tsam a tsakiyar kai kullum yana samun su.

Kinga kowane silin gashi yana da ɗan gidansa a cikin fata, a nan yake tsiro. In kika ja shi yau kika sake ba komai, amma ja na awa 10 ko 12 kullum a wuri ɗaya, wani lokacin ma a kwana da shi, sai gidan ya fara kumburi, shi ne za ki ga ƴan ƙuraje ƙanana a layin goshi ko a ƙeya bayan sabon kitso, ko fatar ta yi ja tana zafi in an taɓa, ko kanki ya riƙa ciwo da yamma ki kwance ribom ki ji wani irin sanyi. Duk waɗannan saƙo ne jikinki yake aiko miki. Abin da yake ɓata min rai shi ne yadda aka saba mana da cewa kitso in bai yi zafi ba bai kamu ba, har mace ta sha maganin ciwon kai ta kwanta a kan fuska kwana 2 tana jiran ya saki. Kitson da ya hana ki barci ki tsefe shi a daren, kar ki ji asarar kuɗin.

Abin da zai kwantar miki da hankali, wata 6 ba a makara ba in sha Allah. A farkon abin gidan gashin yana nan da ransa, in an daina ja yana dawowa. Inda ake samun matsala shi ne in an shekara da shekaru ana yi, gidan ya mutu tabo ya maye wurin, to nan babu man da zai fito da gashi, komai tsadarsa. Ki duba wurin da kyau a haske, in kina ganin ƴan ƙananan gashi masu laushi ko ƴan ɗigo-ɗigon ramukan gashi, alama ce mai kyau. In kuwa fatar ta yi sumul tana sheƙi kamar ta goshi, kar ki tsaya gwaje-gwaje a gida, ki ga likitan fata.

Yanzu gyaran da za ki koma. Tunda fakin kike so ba zan ce ki daina ba, ki sauko da shi ƙasa ne wajen ƙeya, ki tattara gashin da hannu ba da burushi mai tauri ba, ki bar na gaban ya ɗan yi sako-sako. In kin ɗaure ki ɗaga gira ki juya wuya, in kika ji fata tana ja to ya yi tsauri, ki sassauta. Kuma kar ki riƙa ɗaurewa a wuri ɗaya kullum, yau a ƙeya, gobe ki raba biyu ki yi manyan kitso guda 2 ki naɗe jelar ki maƙale, jibi ki murɗa shi ki kama da kilif. Tsagar ma ki riƙa canza mata wuri. Manyan kitso guda 4 ko 6 da kika yi da hannunki a minti 15 sun fi miki ƙananan nan lafiya nesa ba kusa ba, saboda a ƙaramin kitso silin gashi kaɗan ne suke ɗaukar jan, balle in an ƙara gashin doki mai tsawo, nauyin duk a kan saiwar yake. Ni a ganina ki huta da ƙari gaba ɗaya na wata 3 zuwa 4, in kin koma kuma ki ce wa mai kitson ta bar ƴan gashin gaba kar ta kama su, kuma kar ya wuce sati 6 a kanki.

Kayan ɗaurin su ma suna da nasu laifin. Robar nan tsirara wadda ba a lulluɓe da yadi ba ki rabu da ita, tana cin gashi, duk ranar da kika cire za ki ga sili a naɗe a jikinta. Haka ribom mai ɗan ƙarfe a mahaɗarsa. Ki nemi mai tattarar yadi mai santsi irin satin ko siliki, ki zagaya sau 2 ya isa, ba sai 4 ba. Kilif mai haƙora babba ina son shi sosai don yana riƙe gashi ba tare da ya shaƙe shi ba. Fil ɗin gashi in ɗan kan robarsa ya cire ki yar, yana yagar fata. Abin kewaye kai mai matsewa, da wig mai ƙananan mataji a ciki ko wanda ake mannawa da gam, duk a kan layin goshin nan suke zama, ki ɗaga musu ƙafa yanzu. Da dare ki kwance komai, ki sa hular barci ta satin amma ki lura robarta kar ta zauna daidai inda gashin ya tafi, in ta matse gara ki sa wa filo rigar satin kawai.

Jel ɗin shi kansa ba shi ke cire gashi daga saiwa ba, amma yana busar da shi ya yi tauri, ga gogar burushi kullum da safe, sai ya karye. Kuma kar ki tamke gashi yana jiƙe, jiƙaƙƙen gashi yana miƙewa fiye da ƙima ya tsinke. Baki faɗa min ko kina sa rilaksa ba, in kina sawa ki sani yana karya haɗin da ke ba silin gashi ƙarfi ne shi ya sa yake miƙewa, gashin da aka sa wa rilaksa aka kuma ja shi ya fi saurin tafiya, ki bar aƙalla sati 2 tsakaninsa da kitso.

Mai kuma, kowane mara nauyi da bai sa miki ƙaiƙayi ya isa, aikinsa ya riƙe laushi ya rage karyewa, ki shafa kaɗan a hankali banda dirza. Maganin da aka san yana taimaka wa tsiro shi ne minoksidil, akwai na kashi 2 da na kashi 5 cikin 100, amma likita ya kamata ya ce ki fara, musamman in kina da ciki ko kina shayarwa. In kuma kin ga zubar ba a gefe kaɗai take ba, ko'ina ne, ki je a duba jininki, ƙarancin sinadarin ayon (sinadarin ƙarfe da jini yake buƙata) da matsalar tayiroyid (wani ɗan sashe a gaban wuya mai daidaita aikin jiki) suna kawo haka, haihuwa ma tana kawowa wajen wata 3 bayanta. Sili 50 zuwa 100 a rana dama kowa yana zubarwa.

Sai haƙuri, don gashi kusan santimita 1 yake ƙaruwa a wata, kuma wanda ya shiga hutu yakan ɗauki wajen wata 3 kafin ya farfaɗo. Ki ɗauki hoton gefen biyu yau a wuri mai haske, ki sake ɗauka duk ƙarshen wata a wurin, don ido baya gane canjin da yake gani kullum. In wata 4 ya cika da sassautawa baki ga ƴan sababbi sun leƙo ba, ki tafi wa likitan da hotunan a wayarki.