Majalisa ta ce a dakatar da ƙarin kuɗin wuta, mu daina biya ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina sana'ar ƙanƙara a Dakata da ke Kano, ina da firiza 8 da yara 6 masu cin abinci a ƙarƙashina. Tun da aka saka layinmu a Band A, rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, kuɗin wuta ke cinye ribar, wutar kuma ba ta kai awannin da aka yi alkawari. Kwanan nan wani ya zo taron ƙungiyarmu da bidiyon zaman Majalisar Wakilai inda aka umarci a dakatar da ƙarin. Ya ce mai biyan sabon farashi kansa yake zalunta, kuma kowa ya kawo naira 20,000 ya kai kukanmu Abuja. Wasunmu har sun daina biya. Ga bil ya zo, hankalina a tashe yake. In biya ko in tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa wa nema albarka. Ka biya bil ɗinka, kuma kada ka ba mutumin nan ko sisin kwabo. Ka gaya wa 'yan'uwanka da suka daina biya cewa ranar da masu tsani suka zo yanke musu layi, babu ɗan majalisar da zai hana, bashin kuma yana nan yana taruwa.

In dai bidiyon da nake zato ne, tsoho ne. Ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, bisa sharaɗin a ba ku wutar awa 20 aƙalla a kullum. A ƙarshen watan Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da ƙarin, kwamitin wutar lantarki na Majalisar Dattawa kuma ya kira ministan wutar lantarki na lokacin, Adebayo Adelabu, ya yi bayani. Ba a dakatar ba. A watan Mayu farashin ya ɗan sauko zuwa naira 206.80, amma NERC ta ce ƙarfin da naira ta yi a kan dala ne ya jawo. Kai da ke riƙe da bil ka fi ni sanin bai koma 68 ba.

Wannan ruɗani kusan kullum sai ya shigo min ofis, kuma ina ganin wani ɓangare na laifin a bakinmu yake. Da Hausa komai ƙuduri muke ce masa. Akwai ƙudurin doka, wanda ake yi wa karatu uku a kowace majalisa, a kai wa shugaban ƙasa ya sa hannu. Akwai kuma ƙudurin da ɗan majalisa zai miƙe da safe ya gabatar a matsayin batun gaggawa, a yi muhawara ta rabin awa, shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su ce e, ya buga guduma. Na biyun nan matsaya ce kawai. Kira ne, shawara ce mai nauyi, amma ba ta soke doka, ba ta canza farashi, ba ta zama hujjarka a gaban alƙali. Da yamma sai ka ji a rediyo “Majalisa ta umarci”, mutumin kasuwa kuma da ya ji kalmar umarni ya ɗauka magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, Alhaji. Dokar wutar lantarki ta 2023, wadda majalisar ce da kanta ta yi ta, ita ta damƙa wa NERC ikon ƙayyade farashi. Ikon da aka bayar da doka, da doka ake karɓe shi. Sashe na 58 na kundin tsarin mulki ya faɗi hanyar: majalisun biyu su amince, shugaban ƙasa ya sa hannu cikin kwana 30, in ya ƙi kuma kashi biyu cikin uku na kowace majalisa su tsallake shi, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Dalta. Akwai wurare ƙalilan da kundin ya ba matsayar majalisa haƙora, kamar tantance ministoci da amincewa da dokar ta-ɓaci. Farashin wuta ba ya ciki.

Abin yana ƙona min rai saboda na ga ƙarshensa. Na taɓa zama da wani mai injin casar shinkafa da ya riƙe kuɗin wata uku a kan irin wannan labari. Da aka yanke masa layi ana tsakiyar kaka, sai ga bashi, ga kuɗin mayar da layi, ga man dizal da ya riƙa saye don kada masu kawo shanshera su gudu. Wanda ya ba shi shawarar bai ƙara ɗaga wayarsa ba. Haka aka yi da kuɗin kira da data: hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, Majalisar Wakilai ta ce a dakata a Fabrairu, kamfanoni suka ci gaba da sabon farashi. Shi mai waya ba shi da damar ƙin biya, katinsa ne zai ƙare. Kai mai bil a hannu kai ne ake iya zugawa ka ƙi, shi ya sa masu zugar suke bin ƙungiyoyi irin taku.

Na san abin da za a ce maka: ai harajin tsaron intanet majalisa ce ta hana. A duba da kyau. Babban Bankin Najeriya ya fitar da takarda ranar 6 ga Mayu 2024 cewa a riƙa cire kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da aka tura ta banki. Kwana uku bayan haka Majalisar Wakilai ta nemi a janye. Amma abin da ya tsayar da shi umarnin Shugaba Tinubu ne, sannan bankin ya janye takardarsa. Muryar majalisa ta taimaka, ta haɗu da ta 'yan ƙwadago da 'yan kasuwa har gwamnati ta ja da baya. Kada kuma a manta, tushen harajin yana cikin gyaran dokar laifukan intanet da majalisar ta amince da shi, aka sa masa hannu a Fabrairun shekarar. Lokacin da ya kamata a yi maganar shi ne sa'ad da ƙudurin ke gaban kwamiti. Mu kuwa mun saba da ihu bayan hari.

Ba ina cewa majalisa ba ta da amfani ba ne. Sashe na 88 da na 89 sun ba ta ikon bincikar kowace ma'aikata da hukuma, ta kira kowa ya ba da shaida, ta nemi takardu, har ta sa a kamo wanda ya ƙi amsa kira, domin gyara doka da tona almubazzaranci da rashin iya aiki. Kasafin kuɗi ma sai ta amince. Kuma mun ga ƙarfinta a dokokin haraji. A Oktoban 2024 aka kai ƙudurori 4, ɗaya na neman ɗaga harajin sayen kaya, wato VAT, daga kashi 7.5 zuwa 10, ya ci gaba da hawa har 15 a 2030. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna suka ƙi tsarin rabon kuɗin VAT tsakanin jihohi, Sanata Ali Ndume ya tsaya kai da fata, aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a Fabrairun 2025. Dokar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025 ta bar VAT a kashi 7.5, tsarin rabon ma an sauya shi. Can alƙalami yana hannun majalisa, shi ya sa maganarta ta yi aiki.

To ga abin da ke hannunka. A cikin tambayarka akwai hujja mai ƙarfi da ka wuce ta da sauri: wutar ba ta kai awa 20. Umarnin NERC na Afrilun 2024 ya ce layin Band A da ya yi kwana 7 a jere bai cika alkawarin ba, a sauke shi zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu. Ku sayi littafi, a sa yaro ɗaya ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kullum, shagunan maƙwabta su ma su yi nasu. Ku rubuta ƙorafi zuwa sashen ƙorafe-ƙorafe na kamfanin rarraba wutarku, a buga muku hatimi a kwafinku. In ba a yi komai ba, ku wuce ofishin sauraron ƙorafin masu amfani da wuta na NERC da ke Kano. Ba a biyan kuɗi a wurin, kuma hukuncinsa yana hawa kan kamfani.

In kuma kuna son muryarku ta isa Abuja, Kano tana da 'yan Majalisar Wakilai 24 da sanatoci 3, ɗaya daga cikin wakilan nan da ƙuri'arku ya tafi. Koken jama'a ɗan majalisa ne ke gabatar da shi a zaure, a miƙa wa kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a, kwamitin ya kira ɓangarorin biyu. Babu kuɗin fom, babu dillali a tsakani. Wanda ya tara naira 20,000 daga kowane ɗan ƙungiya don aikin da takarda biyu da sa hannu za su yi, dukiyar mutane yake ci ba da haƙƙi ba, kuma shugabannin ƙungiyar da suka ba shi wurin magana su ji tsoron Allah, amanar masu ƙaramin ƙarfi ce a wuyansu. Ku rubuta kokenku da kanku da sunan ƙungiya, ku haɗa da bil na wata shida da kwafin littafin awannin, ku faɗi yawan ma'aikatan da kuka sallama, ku kuma faɗi abu ɗaya tak da kuke so a yi. Shugabanku da sakatare su kai ofishin mazaɓa da ƙafarsu, su karɓi shaidar an amsa.

In littafin ya cika kwana 30, ka turo min hoton shafukan da bil na ƙarshe, in duba muku wasiƙar kafin ku kai.