Digiri 30 jiya, digiri 30 yau, amma iskar ba ɗaya ba ce

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ƙanena, na saurari tambayarka. Ka ce jiya da yau ma'aunin zafi duk digiri 30 ya nuna a waje, amma jiya esi ta sanyaya ɗaki nan da nan, yau kuwa sai nishi take, ruwa yana ta zuba ta bututu. To, kar ka taɓa gas ɗinta tukuna, wataƙila lafiyarta ƙalau.

Ka ga, ma'aunin nan zafi kawai yake gaya maka, bai san ruwan da ke cikin iska ba. Ni kuma nan ne nake yawan faɗa da yaranmu a wurin aiki, don laimar ita ce ke cin ƙarfin inji.

Bari mu lissafa tare, ɗauko biro. Mu ce jiya iska a digiri 30, laima kashi 50 cikin ɗari, kowane kilo na busasshiyar iska yana ɗauke da ruwa kamar giram 13.3. Mu ce yau laimar ta hau kashi 80, ya zama kusan giram 21.6. Yanzu jimillar zafin da iskar ke ɗauke da shi, wanda muke kira entalfi: ka ninka digirin da 1.006, sannan ka ninka ruwan, a kilo ba a giram ba, da wajen 2,557, ka haɗa su. Ta farko ta ba ka wajen kilojul 64 a kowane kilo, ta biyu 85. Ɗakin da kake so, digiri 24 da laima 50, yana kan 48. Ka cire mana. Jiya 16 injin yake sauke wa kowane kilon iskar waje da ya shigo, yau 37. Ya fi ninki biyu, alhali ma'auni bai motsa ba!

Ruwan da kake gani kuwa, iskar yau tana fara zubar da raɓa tun daga digiri 26, kwail ɗin kuma, wato naɗaɗɗen bututun sanyi da ke cikin esi, ya fi haka sanyi nesa ba kusa ba. Aikinsa yake yi.

Wallahi abin da ke ci min rai, sai mutum ya ce bari ya sa babbar esi. Ita kuma ta sanyaya ɗaki cikin minti kaɗan ta tsaya, ba ta samu lokacin tsotse ruwan ba, jiki yana danƙo. Willis Carrier, injiniyan da ya ƙirƙiro esi ta zamani, tun 1911 ya fitar da lissafin nan, kuma matsalar laima ce ta fara kai shi ga aikin, a wata maɗaba'a.

Au, na manta, lambobin nan na matsin iska a daidai gaɓar teku ne, in kana kan tudu sosai za su ɗan canza.

Gobe ka naɗe bakin ma'aunin da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka riƙe shi gaban fanka har lambar ta daina sauka. Turo min ita da ta busasshen, in nuna maka yadda ake nemo sauran lambobin a jadawalin zafi da laimar iska.