Makabartar sarakunan Marrakesh: amsa ga Hajiya

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce za ku ziyarar Shehu Tijjani a Fas, kina tambaya ko ya cancanci ku ƙara kwana biyu ku gangara Marrakesh don ganin makabartar sarakunan Sa'adiyawa, gidan sarautar da ya taɓa mulkin Maroko, ko kuwa ɓata kuɗi ne. Na je, shawarata ku je. Jirgin ƙasa ne daga Fas, tafiyar wajen awa bakwai.

Wurin na jikin Masallacin Kasba, ta wani siririn lungu ake shiga, bai kai faɗin wasu lungunanmu na cikin gari ba. Asali toshe shi aka yi bayan gidan sarautar ya faɗi, sai a 1917 aka sake buɗe shi. Ku yi sammako, domin ɗakin da kowa ke son gani ba a shiga, daga bakin ƙofa ake leƙawa. Na fi rabin awa a layi cikin rana, na samu kallon da bai wuce minti biyu ba.

Amma Hajiya, wannan minti biyun! Sana'ata gyaran silin da adon bango ce, shekara ashirin ina yi a Kano, wallahi ranar jikina ya yi sanyi. Ginshiƙai 12 na dutsen mabul da aka kawo daga Italiya, a tsakiyarsu kabarin Sarki Ahmadul Mansur, wanda ya yi mulki daga 1578 zuwa 1603. Ƙasan bangon tayil ne, amma ba irin wanda muke saye kwali-kwali ba. Kowane ɗan ƙwaya da hannu aka sare shi, wani bai fi farcen yatsa ba, aka jera har ya ba da tauraro. Samansa filasta ce aka sassaƙe da wuƙa, rubutun Larabci na ratsawa ta cikin furanni. Rufin kuma katako ne mai gurbi-gurbi kamar saƙar zuma, an shafe da ruwan zinare. Na nemi inda hannun magini ya goce, idona bai kama ba.

Abin da masu yi wa baƙi jagora ba su cika daɗewa a kai ba, mu kuma ya shafe mu: wannan sarkin ne ya tura runduna ta keta Sahara ta karya daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591. Shi ake wa laƙabi da Azzahabi, wato mai zinare. A zamaninsa aka kamo malaman Timbuktu, har da Shehu Ahmad Baba, aka kai su Marrakesh. Ina kallon rufin nan ina tuna su, raina bai yi daɗi ba.

Wani abu kuma da ya dame ni: mutane sun manta makabarta ce. Ana ta dariya ana ɗaukar hoto, wata har ta jingina da kabari a tsakar gidan. Ku yi sallama irin wadda aka koya mana, ku yi musu addu'a kafin a ciro waya. Mu da muka saba ganin an kai sarki guda Gidan Nassarawa an rufe shi da ƙasa kamar kowa, dole wurin ya zo muku banbaraƙwai da farko.

Idan da Mama za ku je, ku riƙe mata ruwa da lema, layin babu inuwa sosai. Fadar Badi, wadda shi dai Mansur ɗin ya gina, tafiyar ƙafa ce daga nan. Sarki Maulaya Isma'il, na gidan sarautar da ya biyo bayan Sa'adiyawa, ya kwashe adonta tuntuni, yanzu kango ne, shamuwa ke sheƙa a kan katanga. Allah ya kai ku lafiya, a sa mu a addu'a a zawiyya.