An canza mini firiza: ina makomar ƙarin garantin da na biya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da ƙanƙara da zoɓo a Maradi. Na sayi firiza mai garantin shekara 1, na kuma biya kuɗi daban aka ƙara mini shekara 2. A wata na 8 injinta ya mutu, mai shago ya ba ni sabuwa, amma ya ce tunda an canza, garanti ya ƙare. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kada ki karɓi wannan magana da baki kawai, domin garanti biyu ne a hannunki, kuma kowanne da hukuncinsa.

Na farko na kamfanin da ya ƙera firizar ne, shi ya sa aka canza miki. A yawancin takardun garanti, sabon kayan yana gadon lokacin da ya rage wa tsohon ne, ba a soma ƙirga daga farko sai in an rubuta haka. Ke nan kina da sauran wata 4.

Na biyu, wanda kika saya da kuɗinki, yarjejeniya ce tsakaninki da wanda ya karɓi kuɗin, kuma galibi tana fara aiki ne bayan na kamfani ya ƙare. To a wata na 8 lokacinta ma bai kama ba, ba ki ci moriyarta ko ta kwana ɗaya ba. Gaskiya ne wasu takardun suna cewa da zarar an ba da sabon kaya yarjejeniya ta cika, amma wannan sharaɗi ya fi shafar canjin da aka yi a ƙarƙashin ƙarin garantin kansa. A ganina zaluntarki ne a riƙe kuɗin alkawarin da ba a shiga ba. Ki nemi ɗayan biyu: a mayar da ƙarin kan sabuwar firiza, ko a maido miki kuɗinki.

Inda mutane ke yin asara shi ne lamba. Ki leƙa bayan firizar, za ki ga ƴar takarda manne da lambar da ta keɓanta da ita. Garanti wannan lamba yake bi, kuma wadda ke kan rasit ɗinki ta tafi da tsohuwar. Ranar da sabuwar ta lalace, sai a duba a ce ba ita aka yi wa alkawari ba. Don haka ki koma shagon cikin makon nan da rasit da takardar ƙarin, a rubuta sabuwar lamba da ranar canji da ranar ƙarewa, a sa hannu da hatimi. Ki ɗauki hotonsu da waya, don tawadar rasit gogewa take yi. Ki kuma tambaya ko garantin kamfanin yana aiki a Nijar, saboda kaya da yawa na kasuwarmu daga Kano suke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu kuma garantinsu a cikin Nijeriya kawai yake.

In ya ƙi, doka ba ta bar ki haka ba. Dokar farar hula ta Nijar, daga sashe na 1641, ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin kaya, kuma mai saye na iya mayar da shi ya karɓi kuɗinsa ko ya riƙe a rage masa, muddin bai yi jinkiri ba. Malamanmu ma sun san zaɓin mayar da kaya saboda aibi a ciniki. Ki fara da shugabannin ƴan kasuwa, sukan sasanta irin wannan. In abin ya gagara, ki kai ƙara ofishin ma'aikatar ciniki na jiha.

Abu biyu kuma za su iya kashe garantin ko da an rubuta komai: mai gyaran unguwa ya buɗe injin, ko wuta ta ƙona shi, don yawancin takardu sun cire lalacewar da hawa da saukar wuta ta jawo. Ki sa mata na'urar daidaita wuta, in an ɗauke an maido kuma ki jira mintuna kaɗan kafin ki kunna, musamman a Afrilu da Mayu da injin ke aiki ba hutu.