Ƙuri'ar adashi da sayen lamba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne a adashinmu, a wani ƙauye kusa da Ringim, duk ranar kasuwa muna zubin naira 5,000. Don gudun rigima muna rubuta lamba 1 zuwa 6 a takarda, a nannaɗe, a zuba a ƙoƙo, kowacce ta ɗauka. Da yake ni ce ƙarama, ni ake bar wa ragowa, kuma zagaye uku ke nan ina faɗawa ta biyar ko ta shida. Wannan karon sai da na ba wadda ta ɗauki lamba 2 naira 1,500 muka yi musanya, don in yi wa yara kayan salla. Yayan mijina kuma ya ce ƙuri'ar ma caca ce. Malam, cutata ake yi? Haramun muke aikatawa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, abu biyu kika tambaya, amma matsalar tana cikin na ukun da kika faɗa a kan hanya.

Adashi kansa mafi yawan malaman zamani sun halatta shi.

Maganar yayan mijinki kuwa, Allah ya saka masa da kishin addini, amma ba daidai ba ce. Caca ita ce kowa ya zuba dukiya, sa'a ta ba wani ta hana wani. Ku fa? Kowacce tana zuba 30,000 ta kwashi 30,000. Wa aka cinye? Ƙoƙon nan bai raba kuɗi ba, lokaci kawai ya jera. Idan ya ce ai Suratul Ma'ida ta hana azlam, sai a ce masa waɗannan kibau ne da mutanen jahiliyya suke neman sanin gaibu da su, wata an rubuta “yi”, wata “bari”. Ku ba gaibu kuke nema ba, rabon gardama kuke yi tsakanin mata shida da babu wadda ta fi wata haƙƙi. Nan ne gurbin ƙuri'a a shari'a, kamar yadda Alƙarafi, babban malaminmu na Malikiyya, ya bayyana: idan haƙƙoƙi suka zo daidai, a yi ƙuri'a don zukata su huta. Kuma Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa. Zai yi wa iyalinsa caca? A'uzu billahi. Ki bar mijinki ya gaya masa cikin ladabi, ba ke ba.

Batun ragowa, zo mu ƙirga. Lamba ta farko tana iya faɗa wa kowacce cikin shida, ta biyu kowacce cikin biyar da suka saura, haka har ƙarshe. Shida sau biyar sau huɗu sau uku sau biyu, ya ba da jeri 720 da za ku iya fitowa. A cikin 120 daga ciki ke ce ta farko, uwar adashi ma 120, kowacce 120. Wadda ta fara sa hannu tana da ɗaya cikin shida, takardar da ta saura a gindin ƙoƙo ma ɗaya cikin shida. Ta farkon takan ji kamar ta yi zaɓi, alhali ba ta san abin da ta zaɓa ba. Faɗawarki baya sau uku a jere kuma yakan faru sau ɗaya cikin 27, bai kai a zargi kowa ba.

Sai dai lissafin nan yana da sharaɗi: takardun su zama iri ɗaya. Na taɓa ganin inda aka yagi biyar daga littafin makaranta, ɗaya daga kwalin ashana, kowa ya san wadda hannu zai nufa. Idan mai naɗewa tana cikin masu ɗauka, ku canza. Ku yanka su daidai, ku rufe ƙoƙon da faifai a girgiza, ku kira yaron da bai iya karatu ba ya miƙa wa kowacce tata.

Yanzu 1,500 ɗin. Wannan ce ta sa na tsaya. Adashi bashi ne kuke ba juna. Wadda kuka yi musanya da ita ta jinkirta karɓar kuɗinta, ke kin karɓa da wuri, kin biya ta ladan jira. A ƙarshe kin fitar da 31,500 kin karɓi 30,000, ita ta zuba 30,000 ta tashi da 31,500. Wannan kuɗin ruwa ne, ko da kun kira shi kuɗin goro, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk sun shiga. Da kyauta ta bar miki lambar, da lada ta samu. Ki yi istigfari, ki same ta ku biyu, ba a gaban sauran ba, ki ce kin yi tambaya an ce ta mayar. Idan ta ƙi, ke kin sauke naki, kada ki fasa zubi saboda haka.

Na san abin da ya tura ki. Kuɗin da aka kwasa a makon farko ya fi na mako na shida auki a kasuwar yanzu, salla kuma ba ta jira. To ku yi shawara kafin zagaye na gaba: wadda take da haihuwa ko biki a gaba a ba ta wuri da yardar kowa, sauran su yi ƙuri'a. Ko ku juya jerin, ta shidan wannan zagaye ta zama ta farko a na gaba. Ku kuma rubuta zubin a littafi, ku ajiye shi a hannun wadda ba ita ke riƙe kuɗin ba. Wallahu a'alam.